In an cire ƙarin, da me za a rufe gurbin?

Jama'a masu saurarenmu a Gaya da Tanda da Bengu da Bana da Tunuga da Yelu, da ku na tsallaken kogi a Malanville, da ƴan'uwanmu na Kamba da Dole Kaina. 

Sharhinmu na yau a kan fuska yake, da muƙamuƙi da harshe, da abin da ke samun mutum idan ƙari ya fito masa a waɗannan wurare. Duk mai shiga kasuwa ko tasha a yankin nan ya san mutanen da nake nufi. Dattijo ya ja amawali har bisa hanci ana tsakiyar zafin bazara. Budurwa ta cije bakin mayafi, ko tana ciniki ba ta sakinsa. A ƙarƙashin ƙyallen akwai kumburin da ya yi shekaru yana girma. Idan ka samu sarari ka tambaya cikin ladabi me ya hana a je asibiti, amsa biyu za ka ji. Ta farko kuɗi, wannan kowa ya sani. Ta biyu ba a cika faɗinta da ƙarfi ba, amma ita ta fi zaunar da mutane a gida: "An ce sai an cire mini muƙamuƙi. To in an cire, da me zan ci abinci, da wace fuska zan fita cikin mutane?"

Mai wannan tambaya yana da gaskiya, kada kowa ya kira shi jahili. Ƙashin muƙamuƙin ƙasa shi ke riƙe da haƙora, kuma a jikinsa harshe yake ɗaure ta gaba. Idan aka yanke gaban ƙashin aka bar wurin haka nan, haɓa za ta shige ciki, harshe ya koma baya ya riƙa tare numfashi, miyau ya yi ta zuba, tuwo ya gagari tauna. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana limanci sai Fatiha ta ƙi fita daidai a bakinsa. An raba shi da ciwo, an bar shi da zaman ɗaka. Wannan ne ya sa likitocin kai da wuya suke ɗaukar cire ƙari a matsayin rabin aiki. Ɗaya rabin shi ne gyaran gurbin, kuma a kansa nake so mu tsaya yau.

Ga yadda ake yi a inda aikin ya kankama. Ayarin likitoci biyu ne ke aiki a kan majinyaci ɗaya a lokaci guda. Na farko suna wajen kai, suna cire ƙarin tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi don kada a bar saura. Na biyu suna wajen ƙafa. A ƙwaurin kowannenmu ƙashi biyu ne: babba da ke ɗauke da nauyin jiki, da wani siriri a gefen waje wanda kaɗan ne nasa a ɗaukar nauyi. Wannan siririn suke cirowa, ana iya samun har kusan santimita 25 a jikin baligi, a bar ɗan guntu ta sama da ta ƙasa domin gwiwa da idon sawu su tsaya da ƙarfinsu. Ba ƙashin kaɗai ake ɗaukowa ba. Ana haɗowa da fatar da ke kansa, da kuma jijiyoyin jininsa guda biyu, mai kawo jini da mai mayar da shi. Sai a yayyanka ƙashin a lanƙwasa shi ya ɗauki siffar muƙamuƙi, a ɗaure shi da farantin ƙarfen titaniyam, fatar kuma ta zama shimfiɗar cikin baki. Daga nan likita zai zauna a gaban madubin ƙara girma, ya nemo jijiyoyin jini a wuyan majinyacin, ya ɗinka su baki da baki da waɗanda aka kawo daga ƙafa. Kaurin jijiyar bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, zaren ɗinkin kuwa ya fi gashin kai siranta. Da an saki matsewar, jini ya bi, sai ka ga fatar da ta yi fari fat ta soma ja. Naman ƙafa ya rayu a fuska. Aikin yakan ci awa 8, wani lokaci 12.

Idan harshe ne ko kumatu aka cire, ba a buƙatar ƙashi. Sai a ɗauko fata mai laushi daga sangalin hannu, kusa da inda ake ɗaura agogo, bayan an gwada an tabbatar ɗaya jijiyar za ta wadatar da tafin hannun. Idan gurbin babba ne a je gefen cinya, inda nama yake da yawa kuma wando zai rufe tabon. Mutum yana taka ƙafarsa bayan an cire masa wancan ƙashin, kuma daga baya ana iya dasa masa haƙora a kai.

Manoman shinkafa na Tara za su fi kowa saurin gane sirrin abin. Fangali yana bukatar hanyar da ruwa zai shiga da hanyar da zai fita. In mashiga ta toshe, shuka ta bushe. In mafita ta toshe, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Haka wannan naman yake, kuma mafitar ce ta fi yawan toshewa.

Aikin ba tsoho ba ne can. A 1960 wasu likitoci biyu a Amurka, Jacobson da Suarez, suka nuna ana iya ɗinke ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashin madubi. A 1973 Daniel da Taylor suka ɗauke fata daga wani sashen jiki suka dasa a wani a birnin Melbon na Ostireliya, kuma Taylor ɗin ne ya fara dasa ƙashin ƙwauri a 1975. Fatar hannu likitocin ƙasar Sin ne suka fito da ita, Yang Guofan da abokan aikinsa a Shenyang, suka bayyana wa duniya a 1981, ta cinya ma daga Sin ta fito a 1984. Sai a 1989 David Hidalgo a Niyok ya nuna yadda ake mayar da ƙashin ƙwauri muƙamuƙi. A yau, a cibiyoyin da suke yin aikin kullum, cikin dashe 100 fiye da 95 suna kamawa.

Wannan adadi na 95 shi ne ya kamata mu duba da kyau, domin mutane da dama, har da masu riƙe da kuɗin gwamnati, suna zaton madubin ne ke kawo shi. A sayi madubi mai tsada daga waje, a yi bikin yanke ƙyalle, shi ke nan. Ina! Makomar dashen tana hannun ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare. Galibin toshewar jijiya a kwana biyu zuwa uku na farko take faruwa. A waɗannan kwanaki kowace awa ɗaya sai an zo da fitila an leƙa bakin majinyaci, an duba launin fatar, an taɓa an ji ɗuminta, wani lokaci a soka ƴar allura a ga irin jinin da zai fito. Ja mai haske, alhamdu lillahi. Baƙi mai saurin fitowa, mafita ta toshe. Babu jini sam, mashiga ta toshe. Idan aka gano da wuri aka koma ɗakin tiyata cikin ƴan awoyi, sau da yawa ana ceto naman. Idan aka bari sai likita ya zo zagayen safe, an yi asarar aikin awa goma, majinyaci ya rasa ƙashin ƙafa ya kuma koma da ramin fuskarsa. A manyan asibitocin Turai da Amurka har matsattsaku suke ajiyewa, waɗanda aka yi kiwonsu cikin tsafta don wannan aiki, su tsotse jinin da ya taru kafin sababbin jijiyoyi su tsiro. Kada wani ya ji wannan ya nufi bakin kogi da gwangwani, na kogi cuta za su ƙara.

Kun ga ke nan abin da aikin yake nema: likitan da za a tasa ƙarfe biyun dare ya zo, mai ba da maganin barci da ke kwana a asibiti, ɗakin tiyatar da za a buɗe nan take, wutar da ba ta ɗaukewa, jini a ajiye, da ma'aikatan jinyar da suka iya kula da bututun numfashi da aka huda a maƙogwaro da na abinci da aka zura ta hanci. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Sikila tana da yawa a cikinmu, kuma jinin mai sikila yana saurin toshe ƙananan jijiyoyi, saboda haka dole a gwada jini kafin a yanke shawara. Majinyacin da ya yi watanni ba ya iya cin komai sai kunu ya rame, rauninsa ba ya warkewa da sauri, sai an fara gina jikinsa da abinci. Mai shan taba kuwa jijiyoyinsa sun riga sun ƙuntata.

Wani zai ce wannan zancen ƙasashen masu kuɗi ne, me ya haɗa shi da Gaya? Abin da ya haɗa mu shi ne, gyaran fuska ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, cutar noma ce ta kawo mana shi, wadda iyayenmu ke kira ciwon iska, mai cin kumatun yara masu tamowa. Gidauniyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana aiki a Damagaram tun farkon shekarun 1990, kuma ta kai yaran Nijar da dama Janeba, inda Farfesa Denys Montandon da Farfesa Brigitte Pittet suka gyara musu fuska, wasunsu da irin wannan dashe. Ƙungiyar Hilfsaktion Noma ta Jamus ta buɗe cibiyoyi a Nijar, tana kawo likitoci Yamai. A Sakkwato an kafa asibitin yara na noma a 1999, ƙungiyar likitocin MSF ta shiga tallafa masa a 2014. A 2003 wasu likitocin Jamus biyu, Giessler da Schmidt, suka wallafa bayanin yadda suka yi wa masu noma wannan ɗinkin jijiya a nan Afirka ta Yamma, da zafinmu da ƙurarmu da ƙarancin kayanmu. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa. A ɓangaren Benin, jirgin ruwan asibiti na Mercy Ships ya tsaya Kwatano daga 2016 zuwa 2017, ya cire wa mutane da yawa ƙarin muƙamuƙi.

Allah ya saka wa waɗannan bayin nasa da alheri. Amma a faɗi gaskiya, ayarin da ke zuwa ya yi mako biyu ya koma ya dace da yaron da noma ta ci fuskarsa shekaru biyar da suka wuce, domin tabo yana iya jira. Ciwon daji ba ya jiran jirgi. Wanda aka gano masa dajin harshe a watan Azumi ba zai zauna sai Turawa sun dawo bayan Babbar Salla ba. Bayan tiyata ma akwai gashi da na'ura, wanda ake so a fara cikin mako 6. Nijar ta samu na'urar gashin daji ta farko a 2021, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Wannan babban ci gaba ne, kuma shi ne ya ƙara wa maganata ƙarfi: ƙashin da aka dasa ba tare da jijiyarsa ba ba ya jure gashi, yakan mutu ya ruɓe, farantin ƙarfe ya huda fata ya fito. Mai jijiya shi ke jurewa. Tunda mun samu gashi, dole mu nemi dashen da ya dace da shi.

Na san abin da wasu likitocinmu za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwashe yara kowace damina, a ce a tsare ɗakin tiyata yini guda saboda mutum ɗaya, alhali ga mata masu naƙuda suna jiran fiɗa? Amsata kashi biyu ce. Kashi na farko, ba kowane gurbi ne ke bukatar madubi ba. Akwai dabarun da ba a raba naman da jijiyarsa, juyo shi kawai ake yi: naman ƙirji a ɗago shi ta ƙarƙashin fatar wuya zuwa baki, dabarar da Stephan Ariyan ya bayyana a 1979, ko fatar goshi a sauko da ita a gina hanci, wadda likitocin Indiya suka sani tun zamanin da. Idan gurbin ƙashi ƙarami ne kuma ba za a yi gashi ba, guntun ƙashin ƙugu ko na haƙarƙari yakan wadatar. Waɗannan sun fi sauri, sun fi araha, kuma ya kamata a ce kowane babban asibitin jiha yana da mai iya su. Kashi na biyu, babu wanda ya ce a yi ɗinkin jijiya a asibitin gundumar Gaya ko a Doso. Ko a Faransa ba kowane asibiti ke yin sa ba. Cibiya ɗaya tak ake bukata, a Yamai, a ce a Babban Asibitin Kwatance da aka buɗe a 2016 don rage fitar da marasa lafiya waje, da ayari ɗaya na ƴan ƙasa da ke yin aikin kowane mako har hannunsu ya faɗa. Koyon ɗinkin ba ya cin kuɗi mai yawa, a kan jijiyar cinyar kaza ɗalibai suke fara gwaji, kuma ƙwararru da dama suna yin aikin da tabarau mai ƙara girma maimakon babban madubi. Hannun da ya iya wannan ɗinki shi ne zai ceci ƙafar ɗan kabu-kabun da mota ta murƙushe a hanyar Doso, da yatsun yaron da injin niƙa ya datse. Abin da ke da tsada shi ne riƙe mutanen: a tura matasa daga Jami'ar Abdu Mumuni su koyo, likita da mai maganin barci da ma'aikatan jinya tare, su dawo su tarar da albashin da zai hana su sake fita.

Sai maganar hanya da aljihu. Daga Gaya zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne. Mai ciwo ba ya tafiya shi kaɗai, ga mai jinya, ga masauki, ga abinci, ga gwajin naman da za a jira sakamakonsa. Mutanenmu sun saba neman magani ta ko'ina, wani ya bi Kamba zuwa Birnin Kabi da Sakkwato, wani ya tsallaka gada ya nufi Paraku ko Tangiyeta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka rufe gadar Malanville, mun ga yadda marasa lafiya suka koma shiga kwalekwale. Ba ni da ta cewa a rigimar shugabanni, amma mai takardar asibiti a hannu ya cancanci a buɗe masa hanya ko wace irin rigima ake yi. A cikin gida kuma, tun wajen 2006 da 2007 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu fiɗar haihuwa da masu dajin mama da na mahaifa kuɗin magani, a 2024 aka rage kuɗin asibitocin gwamnati. Ina roƙon a dubi masu ƙarin baki da muƙamuƙi su ma, ko da gwajin nama da farantin ƙarfe ne a ɗauke musu.

Yanzu gare ku, iyayena da ƴan'uwana da ke saurare. Ba kowane kumburin muƙamuƙi ne daji ba. Akwai wanda likitoci ke kira amiloblastoma, yana da yawa a Afirka ta Yamma, ya fi kama matasa da masu matsakaicin shekaru. Ba ya yawo a jiki, amma yana cin ƙashi a hankali ba tare da zafi ba, shi ya sa ake raina shi. In an zo yana ƙarami, ɗan yanki za a cire, a cike da guntun ƙashi, a sallami mutum. In an bari ya cinye muƙamuƙi daga kunne zuwa kunne, sai babban aikin da na bayyana. Akwai kuma na yara mai saurin girma cikin makonni, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Wannan ba yanka ake yi ba, da allurai ake maganinsa, kuma yana jin magani sosai idan an yi sauri. Babu mai iya bambance su da ido, sai an yi hoto an gwada nama.

Nakan ji ana cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fusata. Abin da ke faruwa shi ne, ana kai mutum asibiti ne bayan ciwon ya gama bin jiki, in ya rasu a ɗora wa wuƙar likita. Ƙarfen da ke cutarwa shi ne na sakiya da tsaga, da ake yi wa ƙari a zaure ana zaton ƙurji ne. Masu cusa garin taba da kanwa a ƙasan leɓe, da masu sigari, da masu haɗa taba da barasa, ku ne kuka fi kowa kusa da dajin baki. Ƴan'uwanmu zabiya kuma rana ce ke jawo musu dajin fata a fuska da kunne da wuya, malafa da riga mai dogon hannu wajibi ne a gare su.

Gyambon baki ko na harshe da ya kai mako 3 bai warke ba, dusashewar murya da ta wuce mako 3, haƙoran da suka fara girgiɗi ba dalili, leɓen da ya mutu ba a jin taɓi, hanci ɗaya da ya toshe yana haɓo, kaluluwar wuya mai tauri marar zafi, duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya je asibitin gunduma a makon nan, ya nemi takardar tura shi gaba. Wanzamanmu da masu maganin gargajiya, ku ake fara kawo wa waɗannan mutane tun kumburin yana ɗan ƙarami, kuma maganarku ake ji. Don Allah kada ku sa aska, ku ce a tafi asibiti. Malamanmu limamai, ku taya mu faɗa a masallatai ranar Juma'a.